Mashin ɗin da muka tono a ƙarƙashin harawa

Ana tsakiyar damina ɗan Baffana ya kira ni a waya daga Nasarawa Burkullu. Ina cikin aji a lokacin, ina koya wa yara lissafi a makarantar da nake aiki a Gummi, don haka ban ɗauka ba. Ya sake kira har sau uku. Da na fita baranda na amsa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce ruwan jiya ya kayar da bangon tsohon ɗakin harawa na gidanmu, kuma suna cikin kwashe ƙasa suka ci karo da ƙarfe.

Na ce, "Wane irin ƙarfe?"

Ya ce, "Mashin ɗin babanka. Yana nan yadda anka aje shi. Ka taho ka gani da idonka."

Mahaifina malamin dabbobi ne. Da wannan mashin yake zaga rugage daga Bukkuyum har gefen Anka, yana yi wa shanu allura. Jan mashin ne mai faffaɗan tanki, da akwatin katako ɗaure a baya inda yake zuba magunguna. Ina da shekara goma sha ɗaya ya kwanta ciwo ya rasu. Da aka raba gado mashin ya faɗo a kasona, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya ce zai ajiye mini har in girma. Na tafi makarantar kwana, daga nan kwalejin malamai, daga nan aiki ya yi ta yawo da ni. Sau ɗaya na tambaye shi, lokacin da na fara ɗaukar albashi. Ya ce in bar maganar, tsatsa ta riga ta cinye shi. Ban sake tambaya ba. A raina na yanke cewa sayar da shi ya yi ya ci kuɗin, kuma da wannan zargin nake gaishe shi har ya bar duniya.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi. Na tarar sun janye ruɓaɓɓiyar harawa da ɓaraguzan bango gefe guda. Mashin na tsaye a lungu, an ɗora shi a kan duwatsu huɗu don kada tayoyi su taɓa ƙasa. An lulluɓe shi da fatar sa, an ɗora tabarmi biyu a kai, an ɗaure da igiyar rama. Gara ta cinye tabarmin da akwatin katakon, amma fatar ta tsaya, ta bushe ta yi tauri kamar kwano. Da muka ɗaga ta na ga an cusa tsumma a bakin salansa, an shafe sarƙar da wani mai da ya daskare ya zama baƙi. Wanda ya yi wannan aikin ba mai niyyar sayarwa ba ne. Na tsuguna a wurin na daɗe, ban san yadda zan gaya wa ɗan Baffa abin da na zargi mahaifinsa da shi shekara fiye da ashirin ba.

Kafin azahar labari ya kai wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya zo da sikelinsa a kafaɗa, ya buga tankin da yatsa, ya ce zai kwashe mana shi mu huta. Ɗan Baffa ya dube ni, ya ce gaskiya wannan ba abin da zai ƙara yi a duniya.

Na ce, "Zai tashi."

Suka yi dariya su biyu. Ni kuwa ban taɓa kwance ko fulogi da hannuna ba. Ina da ƙaramin mashin irin na zamani da nake zuwa makaranta da shi, amma ko iska ce ta ragu a taya sai na kai wa mai faci. Duk da haka na sa aka ɗora shi a motar da ke kai hatsi Gummi, na zauna a baya ina riƙe da shi har gida.

Inna tana zaune tare da mu tun da ƙafafunta suka fara ciwo. Da aka sauke mashin a zaure ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallonsa. Na ce mata ashe Baffa bai sayar ba.

Ta ce, "Wa ya ce maka ya sayar? Ni na roƙe shi kada shi ba ka. Lokacin kana da rawar kai, ga shi kai kaɗai gare ni namiji. Na ce shi bari sai ka yi hankali. Kai kuma ba ka sake tambaya ba, mu kuma munka yi shiru."

Ta juya ta koma ɗaki. A ranar na yi wa Baffa addu'a irin wadda ban taɓa yi masa ba, na kuma ƙudura cewa ko zai ɗauke ni shekara, sai na ga mashin ɗin nan yana tafiya da ƙafarsa.

Na fara da kanikawan Gummi. Na farko ya taka kik ya ji ko motsi ba ya yi, ya ce injin ya kama, ba magani. Na biyu ya ce irin wannan tun kafin a haife shi aka daina kawo kayansa. Na uku ya fi su kirki, ya ce in yarda ya cire injin ya jefar, ya ɗora sabo na zamani a kan gangar jikin, in yi fenti, ba wanda zai gane. Na ce ni zan gane. Mashin ya yi wata guda a zaure, kaji suna kwana a kansa, maiɗakina tana tsokanata wai na kawo mana baƙon da ba ya gaisuwa.

Inna ce ta ce in je Anka wurin Kawu, ƙanenta. Shi ne bakaniken da ke duba wa mahaifina mashin ɗin tun yana sabo. Na sani, amma na san kuma Kawu ya makance. Idonsa ya fara dushewa a hankali har ya rufe gaba ɗaya, ya bar gareji ya koma zaman gida. Rabon da in je gaishe shi an fi shekara biyu, kuma kunyar hakan ta fi komai hana ni zuwa.

Na same shi a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, ya rame, rediyo a gefensa a kashe. Matar ɗansa ta raɗa mini cewa kwanakin nan ba ya son magana, abinci ma sai an yi da gaske. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Da na ambaci mashin ɗin sai ya ɗago kai.

Ya ce, "Jan nan? Mai lotsawa a gefen tanki na hagu?"

Na ce shi ne.

"Saniya ta yi mashi wagga lotsawa, a wata ruga bayan Bukkuyum. Ni na hana babanka buɗe ta, na ce fenti zai fashe." Ya juyo da fuskarsa wajena. "To mi kaka so in yi maka? Ba ni gani."

Na ce, "Kawu, ni ina gani, amma ban san abin da nake kallo ba."

Na fara tunanin na ɓata masa rai. Can ya ƙwala wa matar ɗansa kira, ya ce ta jawo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Sifanu ne a ciki da filaya da sukundireba, kowanne a naɗe cikin tsumma. Ya ce zai bi ni Gummi. Ɗansa bai so tafiyar ba, ya ce tsoho ba lafiya gare shi ba. Kawu ya ce zaman da yake yi ne ciwon. Da aka yi hutun makaranta na je na ɗauko shi a mota, shi da akwatinsa.

Ranar farko bai bari na taɓa sifana ba. Ya zauna a kan turmi a zaure ya bi mashin da hannu tun daga fitila har lambar baya, yana faɗin sunan kowane abu ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. In ya taɓa wuri sai ya ce, "Mi kaka gani nan? Wane launi?" In na ce tsatsa, sai ya ce wace iri, ja mai gari ko baƙa mai ɓawo, don ba ɗaya ba ne. Ya sa na karɓo manyan farantai uku a wurin maiɗakina, ya ce duk abin da muka kwance a jera shi daga hagu zuwa dama yadda ya fito, kada a juya ko wasa. Ta ba da farantan tana cewa ta yafe su.

Abin da muka tarar a ciki ya isa ya sa mutum ya haƙura. Ɓeraye sun yi sheƙa a gidan iska, sun cinye soson. Zanzaro ya gina ɗakuna a ƙarƙashin sirdi. Wayoyin wuta suna karyewa a hannu kamar busasshiyar taliya. Tankin kuwa da na leƙa da tocila, cikinsa ja wur. Kawu ya aike ni bakin gulbi na ɗebo tsakuwa ƙanana, muka zuba a ciki da kananzir, na rinƙa girgizawa ina zubarwa. Kwana huɗu ina wannan, har kafaɗuna suka daina ɗaguwa, kafin abin da ke fitowa ya daina zama kamar kunun kanwa.

Babbar matsalar ita ce fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin. Ya manne da bangon silinda ya ƙi motsi. Muka cire kan injin, Kawu ya sa na cika ramin da kananzir da ɗan baƙin mai, ya ce a bar shi ya sha. Kullum da safe sai ya ɗora guntun icen kirya a kan fistin ɗin, ya ce in buga da guduma sau uku, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Sau uku kawai, sai a ƙara mai a rufe. Muka yi mako guda a haka ba abin da ya canja.

A rana ta takwas haƙurina ya ƙare. Hutu yana tafiya, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko an tashi. Da Kawu ya shiga cikin gida yin alwala, na ɗauki guduma na ajiye icen gefe, na sa wani ƙarfe na maka da ƙarfina. A bugu na biyu gudumar ta goce ta sauka a gefen silinda, ɗaya daga cikin fika-fikan da ke sanyaya injin ya ɓalle ya faɗi ƙasa.

Daga tsakar gida ya ji. Ya dawo yana lalube da bango, hannunsa da sauran ruwa, ya shafa wurin har yatsansa ya tsaya a kan karayar.

Ya ce, "Shekara nawa wanga ƙarfe ya yi cikin ɗaki yana jiranka, ko ƙwarzane bai yi ba. Kai kwana takwas sun gagare ka."

Ya ce a naɗe masa kayansa, gobe zai koma Anka. Ina da 'ya'ya har da mai aure, amma na tsaya a gabansa kamar wanda aka kama da satar gyaɗa. Na ba shi haƙuri ya juya mini baya. Inna ce ta shiga tsakani da la'asar. Ban ji duk abin da ta ce masa ba, na dai ji tana tuna masa wani agogon mahaifinsu da ya kwance yana saurayi ya kasa mayarwa. Washegari da safe na tarar da shi a zaure ya riga ni, icen kiryar a hannunsa. Ya miƙo mini. Na buga sau uku.

A rana ta goma sha uku fistin ya motsa. Ni ban ma gani ba, shi ya ji a yatsansa da ke bakin ramin. Ya ce, "Ya sauka. Ƙara ɗaya." Kafin azahar mun zaro shi. Mai walda ya mayar da fiffiken da na karya, har yau tabon yana nan. Ringi kuwa, wato zoben da ke kewaye fistin, muka samu na wani injin ban ruwa da ya yi kusa da girmansa, Kawu ya sa na rinƙa goga bakinsa da zarto kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da farce, har ya zauna.

Abin da ya tsayar da mu shi ne wuta. Kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta ya ƙone, kuma na zamani ba ya shiga. Na zaga masu kayan mashin na Gummi, na je Anka ranar kasuwa, na aika Gusau, babu. A Anka ne wani tsohon mai faci ya ce ya san wani mutum a Duza da ke da gawar irin wannan mashin a bayan gidansa.

Zuwa Duza a shekarun nan ba abu ne da ake yi da wasa ba. Sai an tambayi lafiyar hanya, a fita da hantsi, a tabbata an dawo kafin la'asar. Maiɗakina ta ce saboda guntun ƙarfe zan kai kaina. Na ce mata na tambaya an ce lafiya, kuma in ban je ba aikin wata biyu ya tashi a banza. Na bi motar 'yan kasuwa.

Mutumin manomi ne, zai girme ni kaɗan. Ya kai ni bayan gida inda gangar mashin take kwance cikin ciyawa, ba taya ba tanki. Ya ce na yayansa ne. A shekarun da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, da shi suke ɗauko buhuna daga daji. Ya nuna mini tsakar gidansa, ya ce duk ƙasar da nake gani sabuwa ce, an kankare tsohuwar an kwashe bayan da gubar dalma ta shiga yara. Nasa biyu suna cikin waɗanda ba su tashi ba. Ya faɗi haka yana taya ni riƙe sifana, bai canja murya ba. Na yi masa ta'aziyya.

Kwayil ɗin yana nan a cikin murfinsa, lafiya lau. Na kawo maganar biya ya ɗaga hannu ya ce in bari. Ya ce shi dai ko kallon ƙarfen ba ya son yi, in wani abu a jikinsa zai yi amfani a wani wuri, to madalla. Ya kawo ruwa da sabulu ya ce in wanke shi tas a nan, in wanke hannuna, kada in kai wa iyalina ƙurar da ke jikinsa. Na wanke sau biyu yana tsaye yana kallo.

Muka ɗaura kwayil, muka ja sababbin wayoyi. Saita wutar aiki ne na mutum biyu. Akwai wata 'yar alama a jikin ƙarfen da ke juyawa wadda dole ta yi daidai da wata a jikin injin, a daidai lokacin da bakin kwantak, wato 'yan ƙarafa biyun da ke sakin wuta, ke buɗewa. Ni nake kallon alamar, shi kuma ya sa siririyar takarda a bakin kwantak yana ja a hankali, ya ce in ta saki zai yi magana. Muka yi ta yi muna saɓawa, ni in ce yanzu, shi ya ce tukuna. Da muka dace, ya kama bakin wayar fulogi da yatsu biyu ya ce in taka kik. Na ce Kawu za ta ja ka. Ya ce abin da yake nema ke nan. Na taka. Ya zabura har hularsa ta faɗi, ya fashe da dariya, irin wadda tun zuwansa ban ji ba.

Ya ce, "Akwai ta! Wallahi akwai ta, har cikin haƙorina!"

Duk da haka bai tashi a ranar ba, bai tashi washegari ba. Na taka kik har ƙafata ta kumbura. Muka sake kwance kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, muka tarar wata ƙaramar ƙofa a toshe, na zare silin waya na buɗe ta. Ranar Laraba da hantsi, a taku na huɗu, ya yi tari sau biyu ya kama. Hayaƙi ya cika zaure, kaji suka watse, maƙwabta suka shigo da gudu. Ni ina riƙe da totur, ina ta cewa Alhamdulillahi.

Sai ga Inna a bakin ƙofa. Ta saurara na ɗan lokaci, kanta a karkace, sannan ta ɗaga sanda ta ce in kashe. Na kashe, na ɗauka kukan ya tayar mata da hankali ne.

Ta ce, "Ba haka yake kuka ba."

Na ce, "Inna, shekara nawa rabonki da jin sa?"

Ta ce, "Ko shekara ɗari ce. Tun yana kan gangaren makabarta nike jin shi in ɗora ruwan wanka. Na babanka a natse yake tahiya. Wanga ƙaf-ƙaf yake yi kamar ana daka a fasasshen turmi."

Maƙwabta suka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce in sake tayarwa, ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kafa kunnensa a kan mariƙin. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ce yayarsa ta fi shi kunne, bawul ɗin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a kan injin ya yi sake, kuma akwai wurin da salansa ke fitar da iska. Ni da na ɗauka an gama, sai ga mu mun sake buɗe kan injin. Kwana biyar muka ƙara. Kullum in mun gyara sai a tayar a kira Inna, ta tsaya a bakin ƙofa ta girgiza kai ta koma. A rana ta biyar ba ta girgiza kai ba. Ta nemi kujera ta zauna, ta ce in bar shi yana yi. Ta zauna har man da ke cikin kafireto ya kusa ƙarewa, tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Shi ne," ta tashi ta shiga ciki.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Na sa sababbin tayoyi da birki, mai ɗinkin kujerun mota ya rufe sirdi da baƙar leda. Ban yi fenti ba, na dai goge jan da ya rage har ya ɗan yi ƙyalli. Na yi mako ina zagaya gari da shi don in saba, saboda giyarsa a juye take da ta mashinan yanzu, sau biyu ina neman birki ina sa giya.

Hutu ya zo ƙarshe, Kawu ya ce zai koma gida, kuma ba zai shiga mota ba. Ɗansa ya yi ta magiya a waya, ya ce tafiyar da nisa. Kawu ya ce shi ya gyara, shi zai fara hawa. Muka ɗaure akwatin sifanu a baya, na naɗa masa rawani ya rufe fuska, muka fita bayan an karya kumallo. Gero ya yi kai a gonaki ana shirin girbi. Yana riƙe da kafaɗata yana ba ni umarni a kunne, in sa ta uku, in sassauta, in daina murɗa shi kamar na haya.

Mun wuce mahaɗar Nasarawa Burkullu da kaɗan mashin ya fara shaƙewa, ya yi tari ya mutu. Na tura shi ƙarƙashin wata tsamiya na zaunar da Kawu a kan saiwa. Na ce masa me ya gani.

Ya ce, "Ni ban ga komi ba. Kai ad da ido."

Ya harɗe hannu ya jingina da tsamiyar. Na gane ba zai taimaka ba. Na cire fulogi na duba, akwai wuta. Na zare robar mai, sai ɗigo-ɗigo take yi. Sauran tsatsar tanki ce ta taru ta toshe. Na kwance, na busa, na wanke, na mayar. Wani Bafulatani da ke kiwo kusa ya matso yana kallo, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana bin mahaifinsa. Taku biyu mashin ya tashi. Kawu ya miƙe ya kakkaɓe riga, abin da ya ce kawai shi ne na daɗe.

Da muka shiga Anka ya ce kada in kai shi gida tukuna, in bi ta bakin tasha inda garejinsa yake a da. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa ne ke riƙe da wurin yanzu, duk sun zama magidanta. Suna jin kukan mashin suka ajiye abin da suke yi. Da suka ga wanda ke baya sai wurin ya rikice, wannan ya kama hannunsa, wancan ya kawo benci. Suka zagaye mashin suna tambaya, shi kuma yana ba su labarin fistin, har da fiffiken da na karya, bai rage mini komai ba.

Ana cikin haka ɗaya daga cikinsu ya turo wani mashin da ya ce kwana uku yana ba su wahala, sun canja abubuwa da yawa bai daina wani ƙara ba. Kawu ya ce a tayar. Ya nemi sukundireba, ya kafa kunne, ya ce su duba sarƙar cikin injin, ta yi sake. Suka buɗe suka tarar haka ne. Kafin a rufe wannan an turo wani.

Na jira har azahar ta yi, na ce Kawu mu je in sauke ka, ina son in koma da rana. Ya ce in tafi abina, yaransa za su kai shi. Ya sa aka kwance akwatin sifanun daga bayan mashin, ya lalubo guda uku da filaya ɗaya ya ba ni, ya ce sauran a ajiye masa a garejin, don gobe da safe zai dawo. Ya ce bayan sati biyu in juye baƙin mai, kuma kada in yarda wani ya taɓa kafireton.

Na yi salla a masallacin tasha, na sha ruwa, na kama hanyar Gummi ni kaɗai. Ban wuce giya ta uku ba har na isa. Washegari Litinin da shi na tafi makaranta, na kafe shi a gindin darbejiya kusa da ofishin shugaba, na shiga aji da baƙin mai a ƙarƙashin farcena.